Idan FEMA Ta Ƙi Biyan Kuɗin Aikin Gaggawa: Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara

Tun ranar da na yi bayani a wani zaman shugabannin masallatai da ƙungiyoyinmu na nan Amurka, a kan kuɗin da gwamnatin tarayya ke mayarwa bayan bala'i, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta waya da WhatsApp: mun yi aiki lokacin ambaliya, mun kashe kuɗi, mun cike takardu, FEMA, hukumar agajin bala'i ta gwamnatin tarayya, ta ce ba za ta biya ba, to yanzu sai ƙaƙa? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wannan bayani na shirin da FEMA ke kira Public Assistance ne, wanda ake mayar wa ƙananan hukumomi da wasu ƙungiyoyin da ba na neman riba ba kuɗin da suka kashe. Tun 2018 masallatai da coci-coci suka shiga sahun waɗanda za su iya nema. Aikin gaggawa a wurinsu kashi biyu ne: rukunin A, kwashe baraguzai da itatuwan da suka faɗi, sai rukunin B, duk abin da aka yi don ceton rai ko hana ɓarna ƙaruwa, kamar zuƙe ruwa, jera buhunan yashi, rufe rufin da iska ta yaye da tamfol, hayar janareta. Wanda gidansa na kansa ne ya lalace aka hana shi tallafi, nasa shirin daban ne, hanyarsa ma daban.

Mataki na 1: Ƙirga kwana 60

Kafin ku fusata, kafin ku kira taron kwamiti, ku ɗauko kalanda.

Ƙin biya yakan zo ne a takardar da suke kira Determination Memorandum. Kuna da kwana 60 ku ɗaukaka ƙara, kuma kwanakin kalanda ne, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ranar da ake fara ƙirga ta danganta da lokacin da shugaban ƙasa ya ayyana bala'in. Idan an ayyana shi daga 1 ga Janairun 2022 zuwa yau, ƙirga yana farawa ne daga ranar da FEMA ta tura hukuncin ta intanet, ko kun buɗe ko ba ku buɗe ba. Idan kafin wannan rana ne, daga ranar da takardar ta iso hannunku ake ƙirgawa. Wato masu fama da takardun guguwar Ida da ta cika ɗakunan ƙasa na gidajen New York da ruwa a Satumban 2021 suna kan tsohuwar ƙa'ida, masu guguwar Beryl ta Texas a Yulin 2024 kuma suna kan sabuwa.

A ce an tura hukuncin ranar 3 ga Maris. Ranarku ta ƙarshe 2 ga Mayu ce. Ku rubuta ta da jan biro, sannan ku ɗebe kwana goma ku sa wa kanku wa'adin 22 ga Afrilu, ku manta da wancan.

Hattara: FEMA ba ta ƙara wannan wa'adi. Ko sakatarenku ya tafi Umra, ko wanda ke riƙe da kalmar sirrin shafin ya bar aiki, ko imel ɗin ya faɗa kwandon shara, duk ba uzuri ba ne a wurinta. Ƙarar da ta makara da kwana ɗaya ana korarta ba tare da an duba ko kuna da gaskiya ba. Kuma kiran waya ko imel zuwa ga ma'aikacin FEMA da ke kula da aikinku, kuna cewa ba ku yarda ba, ba ɗaukaka ƙara ba ne, ba ya kuma tsayar da ƙirga. Mutane da yawa sun shafe makonni suna "muna magana da su", har ranar ta wuce. Saboda haka a Grants Portal, shafin FEMA na intanet inda hukunci ke sauka, a sa aƙalla mutum biyu masu izinin shiga, kuma adireshin imel ɗin ya zama wanda ake buɗewa kullum.

Mataki na 2: Gano ainihin dalilin ƙin

Ku buga takardar a firinta ku karanta ta da biro a hannu, sau biyu. Turancinta na ofis ne mai nauyi, amma a cikinta akwai jimla ɗaya ko biyu da suka faɗi dalili, da lambar dokar da aka dogara da ita. Su za ku ja wa layi, domin duk abin da za ku rubuta daga baya amsar waɗannan jimloli ne.

FEMA tana duba cancanta hawa huɗu, ɗaya bisa ɗaya: shi mai neman ya cancanta? Ginin ko wurin ya cancanta? Aikin ya cancanta? Kuɗin da aka kashe sun cancanta? Aiki kuma sai ya cika sharuɗɗa uku: bala'in ne ya jawo shi, yana cikin yankin da aka ayyana, kuma nauyinsa a doka yana wuyanku. Ku san a wane hawa aka kayar da ku. Wanda aka ce masa "wannan aiki ba nauyinka ba ne" ya koma ya tara rasit ɗari biyar, ya yi aikin banza, don ba wanda ya ƙaryata shi cewa ya kashe kuɗin.

A nan ne masallatai suka fi faɗuwa, bari in tsaya a kai. Akwai wani masallaci da na taya aikin takardu. Da ruwa ya ci unguwa, suka buɗe babban zaure, mutane suka kwana sama da mako, musulmi da wanda ba musulmi ba. Mata suka ɗora manyan tukwane, aka sayo barguna da katifu, aka yi hayar banɗakin tafi-da-gidanka. Da hukunci ya zo an hana duka, limamin ya kira ni, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce, "Ɗana, mu da muka ciyar da bayin Allah, yanzu mu ne ba mu yi aikin gaggawa ba?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba su ce ba ku yi ba. Cewa suka yi ba ku doka ta ɗora wa ba."

Haka ƙa'idar take. Ba da mafaka da rabon abinci ga jama'a nauyin gwamnatin jiha ne ko ta gari ko ta gunduma. Abin da ƙungiya mai zaman kanta kan iya karɓa kai tsaye a rukunin B yawanci bai wuce abin da ta kashe wajen kare gininta da kayan cikinsa ba. Idan hukuma ce ta nemi ƙungiya ta yi wa jama'a hidima, to hukumar ce ke neman kuɗin daga FEMA, ita kuma ta biya ƙungiyar. Da muka fahimci haka sai muka raba lissafin gida biyu. Kuɗin zuƙe ruwa daga ɗakin ƙasa da tamfol ɗin rufi muka ɗaukaka ƙara a kansu. Na abinci da barguna kuwa muka koma laluben shaidar cewa wani jami'i ya ce a buɗe zauren. Aka yi ta tonon wayoyi, daga ƙarshe muka samu saƙo guda a wayar wani matashi, jami'in yana tambaya ko akwai wurin mutum arba'in. Da wannan saƙo muka je ofishin gundumar, ba FEMA ba. Mun sha zirga-zirga, kuma ba duka aka samu ba. Da a daren farko an sa jami'in nan ya rubuto layi uku a imel, da ba a sha wannan wahala ba.

Mataki na 3: Fitar da adadin da ake gardama a kai

Doka ta ce ƙara ta faɗi nawa ake jayayya a kai. Ma'anarsa bambancin da ke tsakanin abin da kuke nema a aikin da abin da FEMA ta amince da shi.

A ce kun nemi dala 180,000, aka amince da 70,000, aka hana 110,000. Ku warware 110,000 ɗin: 60,000 na ɗan kwangilar da ya zuƙe ruwa, 35,000 na ma'aikata, 15,000 kuma an cire saboda inshora ta biya. Sai ku zauna ku yi wa kanku gaskiya. Idan inshora ta biya 15,000 ɗin da gaske, ku sallama, don sashe na 312 na dokar Stafford, dokar agajin bala'i ta tarayya, ya hana a biya abu ɗaya sau biyu. Idan 20,000 cikin na ma'aikata albashinsu ne na yau da kullum, shi ma ku sallama. Abin da ya rage 75,000, shi ne ƙararku.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai karanta fayil ɗinku mutum ne. Idan ya ga kun nace a kan abin da kowa ya san ba a biya, sauran ma da wasu-wasi zai dube su. Ku kuma tuna ko kun ci nasara, kason tarayya yana farawa ne daga kashi 75 cikin ɗari, sai dai in an ɗaga shi a wannan bala'in. A misalin nan dala 56,250 ke nan. Da wannan adadi za ku auna ko ɗaukar lauya zai biya kansa.

Mataki na 4: Tara shaida daidai da dalilin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kwana 60 ke ƙarewa ba ku sani ba. Banki na iya ɗaukar mako biyu kafin ya ba ku tsofaffin bayanai, ɗan kwangila kuma tun da ya karɓi kuɗinsa ba ya gaggawar ɗaga wayarku. Ku fara roƙon takardun hannun wasu tun makon farko.

Kuɗin ma'aikata. A aikin rukunin B, ma'aikacin dindindin da albashinsa ke cikin kasafinku ba a mayar da albashinsa na awannin da ya saba. Na ƙarin awanni kawai ake biya. Wanda aka ɗauka musamman saboda bala'in, shi ana biyan duka. Abin da ake so a gani: takardar awannin kowane mutum ta kowace rana, abin da ya yi, a ina, da shaidar an biya shi. Ana kuma neman rubutacciyar ƙa'idarku ta biyan ƙarin awanni, wadda ta riga bala'in.

Hattara: ƙa'idar da aka rubuta bayan ruwa ya janye ba ta karɓuwa, haka wadda ta ce za a biya "idan gwamnati ta mayar". Kada kuma wani ya ba ku shawarar sa tsohon kwanan wata a sabuwar takarda. Wannan ya tashi daga rasa kuɗi ya koma laifin zamba a gaban gwamnatin tarayya.

Injuna da motocinku. FEMA tana da jadawalin farashinta na kowace awa, na janareta, na injin zuƙe ruwa, na motar ɗaukar kaya. Awannin da injin ya yi yana aiki ake biya, ba waɗanda ya yi a ajiye ba. Suna kuma haɗa awannin mota da na direbanta. In mota ta yi awa 14 direba ya yi 8, tambaya ta taso.

Kwangila. Yawancin manyan kuɗin da ake hanawa a nan suke. Ƙa'idojin suna cikin 2 CFR, sashe na 200.317 zuwa 200.327 (CFR shi ne kundin ƙa'idojin gwamnatin tarayya). An yarda a ba da aiki ba tare da gasa ba a tsakiyar gaggawa, amma sai kun rubuta dalili, kuma izinin na iya tsawon gaggawar ne. Ɗan kwangilar da kuka kira da tsakar dare ruwa na shigowa, za a fahimta. Shi ɗin dai yana ci gaba da aiki bayan wata huɗu ba a nemi farashin kowa ba, ba za a fahimta ba. Kwangilar "ka kashe abin da ka kashe mu ƙara maka kashi kaza" haramtacciya ce gaba ɗaya. Ta biyan awa da kayan aiki kuma sai an sa mata iyakar kuɗin da ba za ta wuce ba.

Idan kun karya ƙa'idar kwangila, kada ku ɓata tawada wajen musu. Ku amsa, sannan ku nuna farashin bai wuce hankali ba, domin FEMA na da ikon biyan abin da ta ga daidai ne ko da an yi kuskure a hanyar bayarwa. Ku kawo abin da maƙwabtanku suka biya a irin wannan aiki a makon, farashin da wasu kamfanoni biyu ko uku suka faɗa, ko abin da ku kanku kuka taɓa biya a baya.

Akwai halinmu guda biyu da ke cutar da mu a nan, kuma sai an faɗa. Na farko biyan kuɗi hannu da hannu: Alhaji ya zaro dala dubu biyu daga aljihu ya ba masu aiki, Allah ya saka masa, amma ba rasit, ba sa hannu. Abin da za ku iya yi yanzu shi ne ku nemo takardar cire kuɗin daga banki, da rubutacciyar shaidar wanda ya karɓa mai kwanan watan yau, ba na baya ba, da hotunan aikin. Ba ta kai rasit ƙarfi ba, amma ta fi babu. Na biyu ba wa ɗan'uwa aiki. In mai kamfanin ƙanen ma'ajin kwamiti ne, kuma ma'ajin na cikin waɗanda suka zaɓe shi, ƙa'idar tarayya ta hana. Idan ya janye jikinsa lokacin yanke shawarar, ku kawo rubutaccen bayanin zaman da ya nuna haka.

In an ce ɓarnar tsohuwa ce. Sau da yawa sukan ce rufin dama yana yoyo, rashin gyara ne ba iska ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan sai ya nuna a takarda: rasit ɗin gyaran baya, rahoton mai duba gini, hotunan kafin bala'i. Hotunan walima da na sallar Idi da ke wayoyin jama'a sun taɓa fitar da mu, don silin ya fito a cikinsu fes, ga kwanan wata.

Inshora. Ku haɗa cikakkiyar yarjejeniyar, ba shafin farko kaɗai ba, da takardar abin da kamfanin ya biya ko ya ƙi biya. Wani lokaci FEMA na cire abin da take zaton inshora za ta biya; wasiƙar ƙin kamfanin ita ke dawo da kuɗin.

Masu aikin sa-kai ba a biyan su, amma darajar awanninsu na iya rage kason da ya rage a kanku, muddin akwai suna, rana, awanni, wuri da irin aikin.

Mataki na 5: Nemo dokar da za ku tsaya a kai

Bai isa ku ce an zalunce ku ba. Sashe na 206.206 na 44 CFR ya ce ku ambaci doka ko ƙa'ida ko manufar da kuke ganin hukuncin ya saɓa wa. Wuri uku za ku duba, duk kyauta a intanet: dokar Stafford, ƙa'idojin 44 CFR kashi na 206, da babban kundin FEMA da ake taƙaita sunansa PAPPG. A aikin gaggawa, 206.223 da 206.225 su ne kan gaba, 206.228 kuma na kuɗin ma'aikata da injuna.

Hattara: kundin nan bugu-bugu ne, kuma wanda ke aiki ranar da aka ayyana bala'inku shi ke hukunta ku. Bugu na 4 ya fara daga 1 ga Yunin 2020, na 5 daga 6 ga Janairun 2025. Kawo hujja daga bugun da bai shafe ku ba kamar kai takardar asibitin wani ce wurin likita.

Abin da na fi amfana da shi shi ne rumbun hukunce-hukuncen ƙara ta biyu da FEMA ke sakawa a shafinta. Ku nemi masu irin matsalarku, ku karanta biyar ko shida, har da waɗanda aka kayar. A cikin waɗanda aka kayar ne za ku ga an rubuta ƙarara takardar da mai ƙara ya kasa kawowa.

Mataki na 6: Rubuta wasiƙar

Babu fom na musamman, ba a kuma biyan ko sisi wajen shigarwa. A saman wasiƙa ku sa lambar bala'in, wadda ke farawa da DR, kamar DR-4798 ta Beryl, da lambar aikin, da sunan ƙungiyarku yadda yake a rajista, da ranar hukuncin. Jimlar farko ta ce wannan ɗaukaka ƙara ce ta farko, kuna neman a mayar da dala kaza. Sai taƙaitaccen labarin abin da ya faru da ranakunsa, shafi ɗaya ya isa. Daga nan ku ɗauki dalilan ƙin ɗaya bayan ɗaya: ga abin da FEMA ta ce, ga abin da doka ta ce, ga shaidarmu a haɗi na 7, shafi na 3. A ƙarshe jadawalin lissafi wanda jimlarsa ta yi daidai da adadin da ke jimlar farko, har zuwa santi.

Kowace takardar shaida a ba ta lamba da suna mai ma'ana. Fayil ɗari uku masu sunan da kyamara ta ba su, ba mai bin su ɗaya-ɗaya ya nemo muku gaskiyarku.

A wancan masallacin, daftarin farko da wani ɗan kwamiti ya rubuto shafi huɗu ne na ɓacin rai: yadda muka yi hidima, yadda ake raina mu, har da barazanar kai magana wurin ɗan majalisa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ba layi ɗaya da ya taɓa dalilin ƙin. Na ce, "Yaya, wannan mu ajiye ta don taron jama'a." Wadda muka tura ba ta da zafi ko kaɗan.

Hattara: duk shaidar da kuke da ita ku zuba ta yanzu. Kada ku ɓoye wata wai sai zagaye na biyu. Wanda zai sa hannu kuma ya zama mai izinin wakiltar ƙungiyar a takardun FEMA.

Mataki na 7: Miƙa ta hannun jiha

Ƙara ba ta tafiya kai tsaye. Tana bi ta hukumar agajin gaggawa ta jiharku, TDEM a Texas, DHSES a New York, ita ce ke ɗora nata ra'ayin a rubuce ta tura wa shugaban shiyyar FEMA. Shiyyoyin goma ne. New York da New Jersey na ta 2, Texas na ta 6. A sabuwar ƙa'ida ta Grants Portal ake shigarwa, kuma jiha na da kwana 120 daga ranar da aka tura hukuncin, ba daga ranar da kuka miƙa ba. A misalinmu na 3 ga Maris, 1 ga Yuli ke nan. A tsohuwar ƙa'ida kwana 60 ne daga ranar da ta karɓa daga hannunku.

Hattara: idan jiha ta makara, ƙararku ce ke mutuwa, ko da ku kun cika naku wa'adin. Ku ɗauki hoton allon da ya nuna kun shigar, da rana da lokaci. Bayan mako biyu ku tuntuɓi jami'in jiha a rubuce, ku ci gaba da tuntuɓa har ya tabbatar muku ta wuce. Ya fi kyau ma ku nuna masa daftarin tun kafin ku shigar. Ya ga irinta da yawa, kuma goyon bayan jiha a rubuce yana da nauyi.

Mataki na 8: Jira, da amsa RFI

A doka FEMA na da kwana 90 ta yanke hukunci ko ta nemi ƙarin bayani. A zahiri ku shirya wa dogon zama. Ofishin binciken majalisar dokoki, GAO, da ya duba ƙararrakin tsakanin 2014 da 2017, ya samu kusan ɗaya cikin goma ne kawai aka gama a cikin wa'adin. Kada ku ci bashi da sa ran kuɗin nan za su shigo kafin azumi.

Idan takardar neman ƙarin bayani ta zo, wadda suke kira RFI, ku karɓe ta hannu biyu, don sun faɗa muku inda ƙararku ke da rauni ke nan. Yawanci kwana 30 ake bayarwa, ranar na rubuce a ciki. Ku amsa kowace tambaya da lambarta. Abin da babu shi ku ce babu, ku faɗi dalili, ku kawo abin da zai tsaya a madadinsa. In kuka yi shiru, da abin da ke hannunsu za su yanke hukunci. Bayan amsarku wani sabon kwana 90 ke farawa.

Mataki na 9: Idan an sake ƙi

Hanya biyu ce, kuma ɗaya za ku ɗauka, ba a haɗa su.

Ta farko ƙara ta biyu. Kwana 60 daga hukuncin ƙarar farko, ta hannun jiha kamar dā, amma wannan karon hedikwatar FEMA a Washington ce ke yankewa, ofishin mataimakin shugaba mai kula da farfaɗowa. Hukuncinsa shi ne na ƙarshe a hukumar. Kada ku sake tura tsohuwar wasiƙa da sabon kwanan wata. Hukuncin ƙarar farko ya zo da nasa dalilan, su za ku amsa.

Ta biyu zuwa gaban alƙalan CBCA, hukumar sauraron ƙararrakin kwangilolin gwamnati da ke wajen FEMA, inda alƙalai uku ke saurare su yanke, kuma abin da suka yanke ya hau kan kowa. Wata doka ta 2018 ce ta buɗe wannan ƙofa ga bala'o'in da suka faru bayan 1 ga Janairun 2016. Sharaɗinta adadin da ake gardama a kai ya haura dala 500,000, ko 100,000 ga mai nema daga yankin karkara, wato mai mutane ƙasa da 200,000 a wajen birni. Dole kuma kun shigar da ƙarar farko a kan lokaci. Wa'adin nan ma kwana 60 ne daga hukuncin ƙarar farko, kuma ku da kanku kuke aika buƙatar ga CBCA, da kwafi ga jiha da shugaban shiyya a lokaci guda. Idan FEMA ta riƙe ƙarar farko kwana 180 ba amsa, kuna iya janye ta ku tafi CBCA, cikin kwana 30 da janyewar.

Yawancin masallatanmu a birane suke, kuɗinsu kuma ba su kai rabin miliyan ba, saboda haka ƙara ta biyu ce tasu. Ga wanda ya kai, ra'ayina shi ne: in gardamar a kan fassarar ƙa'ida ce ko a kan ko farashi ya yi daidai, idon da ba na FEMA ba ya fi. In kuwa takarda ce babu, alƙalai ma ba za su ƙirƙiro muku ita ba. A CBCA kowa shi ke biyan lauyansa da ƙwararrun da ya gayyato, ko ya ci ko ya faɗi, don haka ku nemi lauya ya rubuto muku ƙiyasin kuɗinsa kafin ku zaɓa.

Mataki na 10: Idan an biya ne aka dawo karɓa

Yakan faru a biya, bayan shekaru masu binciken kuɗi su ce a dawo da su. Wannan ma hukunci ne, ana ɗaukaka ƙara a kansa da matakan nan da kwana 60 ɗin nan. Masu aiki a ƙaramar hukuma su duba sashe na 705 na dokar Stafford: ya hana FEMA fara neman kuɗin bayan shekara uku da miƙa rahoton ƙarshe na kashe kuɗin aikin, in ba zamba a ciki, ya kuma hana karɓe kuɗin da aka amince da su a yarjejeniya, farashinsu ya yi daidai, aikin kuma ya cika manufarsa. Wannan kariya ta gwamnatocin jiha da ƙananan hukumomi ce, ba ta rufe masallaci ko ƙungiya ba. Ku naku garkuwar fayil ɗinku ne. Ƙa'ida ta ce a ajiye takardu aƙalla shekara uku bayan rahoton ƙarshe, wasu jihohin na neman fiye da haka, don haka ku tambayi jami'in jiha ranar da za ku iya zubarwa, ya ba ku a rubuce. Kafin nan kwafi ɗaya a intanet, ɗaya a akwati, akwatin kuma kada a ajiye shi a ɗakin ƙasan da ruwa ya ci.